Ciwon Ido Na Apolo: Saƙo Ga Iyaye Mata



Yawancinmu da muka zauna aji ɗaya yau mun zama iyaye. Don haka na zaɓi in yi magana kan jan idon yara, wanda muke kira Apolo. An fara ganin annobarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka a duniyar wata, daga nan sunan ya samo asali.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Kallon mai ciwon ba ya sa a ɗauka. Hannu da tawul da matashin kai da maciyin kwalli ne ke yaɗa shi. Galibi yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi makantar da yaro shi ne abin da ake ɗiga masa: ruwan albasa, ruwan sukari, fitsari, ko maganin da aka saya a kemis ba tare da likita ya duba ba. Wasu magungunan ɗigawa suna ɗauke da sitiroyid, wanda kan ƙara lalata idon da ya riga ya yi gyambo.

Aikin uwa shi ne ta wanke hannunta da sabulu, ta goge kwantsar da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, kowane ido da audugarsa. Ta ware wa yaron tawul nasa, ta jingine kwalli.

Amma akwai lokuta uku da ba a jira. Na farko, jaririn da bai cika kwana 28 ba idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya. Sau da yawa wajen haihuwa ya ɗauka, kuma cikin 'yan kwanaki ido zai iya lalacewa. Na biyu, yaron da ya kasa buɗe ido a haske, ko fari ya fito a baƙin idonsa. Na uku, jan ido tare da ƙyanda, wanda ke bukatar bitamin A. Waɗannan a kai su asibiti a ranar. In abin ya yi tsanani, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

'Yan'uwana maza, kuɗin mota da izinin fita sau da yawa a hannunmu suke. Kada uwa ta gane haɗari, mu kuma mu ce ta bari sai gobe. Ina roƙon kowa ya isar da wannan saƙo gida, har ga kakanni, domin shawararsu ake fara bi.

Allah ya raya mana zuriya.