Bulala Biyu Ke Dukan Baƙo: Lacca Ga 'Yan Kasuwa

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ne da ke karatu a ƙasashen waje, musamman Ingila, da dalilin da ya sa kuɗin da a ke aika musu ya daina isa. Sau da yawa mukan ji uba na cewa yaro ya koyi almubazzaranci. To, kafin a yanke masa hukunci, mu zauna mu yi lissafi irin na kasuwa.

Baƙon da guzurinsa ke zuwa daga gida, bulala biyu ke dukansa. Ta fari ita ce tsadar garin da ya sauka. A watan Oktoba 2022 tashin farashin kaya a Ingila ya kai kashi 11 cikin 100 a shekara, abin da aka yi shekara 40 ba a gani ba. Don a kashe wannan wuta, Babban Bankin Ingila ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, daga ƙasa da kashi 1 a 2021 har ya kai kashi 5 da kwata a Agusta 2023. Masu gidajen haya da yawa a can da bashin banki suka sayi gidajen. Da ruwan bashi ya hau kansu, sai suka sauke nauyin bisa ɗan haya. Zuwa farkon 2024 haya ta ƙaru da kamar kashi 9 cikin 100 a shekara guda.

Bulala ta biyu ita ce canji, ita ce kuwa mai tsaga fata. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, kasuwa ta yanka mata farashi. Kafin nan fam guda bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Cikin 2024 kuwa sai da ya yi kusan naira 2,000. Duk mai zuwa Wapa ya ga wannan da idonsa.

Yanzu mu haɗa su. A ce ɗaki fam 600 ne a wata, fam kuwa naira 580, watau naira 348,000 ke nan. Mai gida ya ƙara fam 50 kacal, fam ya koma naira 1,900. Ɗakin nan dai, gadon nan dai, ya zama naira 1,235,000. Ninki uku da rabi! Yaro bai ƙara ko loma ɗaya ba. Ba shi kuwa da ikon cike giɓin da guminsa, gama doka ba ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba muddin a na karatu.

Abin ba wasa ba ne. A watan Mayu 2024 wasu ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside sun kasa biyan kuɗin makaranta kan lokaci, aka dakatar da su, har aka ba su takardar barin ƙasa.

Wanda ke cin albashi da fam kuwa, canji riba ne gare shi in zai aiko gida. Amma kada mu ɗauka ya tsira. Haya na cinsa a can, nan kuma tsadar kaya, wadda ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, ta riga ta cinye rabon iyalinsa a bakin mudu.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda duk zai tura ɗa waje ya tambayi kansa abu biyu: da wane kuɗi ni ke samu, da wane kuɗi za a biya haya? In ba iri ɗaya ba ne, kada ya yi lissafi da farashin yau. Ya ninka shi biyu, ya ga ko jarinsa zai ɗauka har ƙarshen karatu. In da hali ya canza kuɗin shekara tun da wuri. Kada a sayar da rumfa ko gona a kan kuɗin zangon farko kaɗai, gama hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Wassalam.