Fuskoki Biyu a Aljihun Ɗan Mubi

 Duk mai naira ɗari biyu a aljihu ya ciro ta ya riƙe, don da ita shirinmu na yau zai fara.

Mai rawanin nan Sir Ahmadu Bello ne, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da takardar a shekarar 2000. Ko'ina an san Sardauna, amma tsakaninsa da Mubi akwai wata tsohuwar magana. Ranar da Najeriya ta karɓi mulkin kai a 1960, Mubi ba ta cikinta. Jamus ce ta fara yi wa yankin mulkin mallaka, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta karɓe shi riƙon amana, ana ce masa Arewacin Kamaru. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama: Najeriya ko Kamaru? Sardauna ya tsaya kai da fata wajen zawarcin jama'a, mafi rinjaye kuma suka zaɓi Najeriya. Ranar 1 ga Yunin 1961 aka haɗe, aka raɗa wa sabon lardin suna Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi. Da ƙuri'ar nan ta juya, da yanzu sefa ake ƙirgawa a kara.

A juya bayan takardar kuwa, shanu ne da dalar buhuna. Kai ka ce ranar kasuwa aka zana.

Sai dubu ɗaya, wadda ta fito a 2005. Mutum biyu ne a jikinta, kuma da yawa sun ɗauka 'yan siyasa ne. A'a, gwamnonin Babban Banki ne, Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dakta Clement Isong. Mai-Bornu ɗan Adamawa ne, an haife shi a Yola a 1919. Malamin makaranta ne da fari, ya koyar a Midil ta Yola, daga baya ya tafi Jami'ar Bristol a Ingila ya karanta tattalin arziki. A 1963 ya gaji Bature Roy Fenton, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe bankin, har zuwa 1967 da Isong ya karɓa. Ya rasu a 1970, kafin ma a fara kashe naira a 1973. Abin takaici ne a ce takarda mafi girma a ƙasar nan tana ɗauke da ɗan jiharmu ta Adamawa, amma a tari ɗalibai a bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi a tambaye su, da wuya a sami wanda zai faɗi garin haihuwarsa.

Al'adar sa hoton shugabanni a naira da Janar Murtala Muhammad ta soma, a kan naira ashirin a 1977, shekara guda bayan kashe shi. Shi ya sa har gobe ake kiran naira ashirin "Murtala". A 1979 Tafawa Ɓalewa ya hau kan naira biyar, wadda yau ko ruwan leda ba ta saye.

Kafin a mayar da ɗari biyun nan aljihu, a duba rubutun ajamin da ke jikinta. Hausa ce zalla, adadin kuɗin aka rubuta. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, daga naira ɗari kuma a 2014. Yanzu a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu kaɗai ya rage.