Kafin Ka Karɓi Maganar Zuciyarka



Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda ake sayen sa. Mai saye zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sannan ya taya. Dillali yana ta rantsuwa, shi kuwa ko a jikinsa. To, mutumin nan ya koma gida Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya gai da maƙwabcinsa bai amsa ba. Nan take zuciya ta ce masa, "Raini ne, tunda ya sayar da riɗinsa ya ga kuɗi." Sai ya karɓa, ba tayi, ba duba haƙori. Alhali ƙila maƙwabcin bai ji ba, ko yaronsa ne kwance ba lafiya. Gaba ta shekara biyu daga nan take farawa.

Irin wannan tunani mai faɗowa ba sallama shi Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ya gano a shekarun 1960 wajen masu ciwon damuwa: ni ba na iyawa, ba mai ƙaunata. Sai ya riƙa sa su rubuta abin da ya faru, da abin da zuciya ta faɗa, da hujjarta. Sau da yawa hujjar ba ta nan. Mu Musulmi ma binciken kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, ya samu laƙabinsa ne saboda yawan yi wa kansa hisabi.

Ni kaina ban tsira daga halin da ke shigowa ba sallama ba. Na daɗe ina farkawa da asuba hannuna ya riga ni zuwa kan waya, tun ban yi addu'ar tashi ba. Ban san ina yi ba sai ranar da 'yata ta kwaikwaye ni a gaban baƙi. Sai da na koma kwana da wayar a wani ɗaki.

Kada kuma a yi gaggawa wajen canja hali. Binciken Phillippa Lally a Landan, a 2009, kan mutum 96, ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wani 18, wani har 254.

Roƙona gare ku, yau bayan isha'i kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abu ɗaya da zuciyarsa ta gaya masa game da wani, ya tambaye ta wa ya faɗa mata.