Imel ɗin ofishinku, mallakar waye?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar imel za mu yi. Na san wasu har sun fara hamma. Imel kuma, a zamanin WhatsApp da TikTok? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Duk wanda ke cikin Haɗeja, gobe in ka fita ka riƙa duba allunan makarantun kuɗi da asibitoci da ofisoshin ƙungiyoyi. Ka kalli adireshin imel ɗin da aka rubuta a ƙasa. Yawanci sunan ofis ne, sai wata shekara, sai gmail ko yahoo. To wannan akwatin na ofishin ne, ko na wanda ya buɗe shi? Lambar wayar waye a ciki? In ya bar aiki, ko aka yi rigima, ko Allah ya yi masa rasuwa, wa ke da makulli?

Abin da ya tayar min da maganar shi ne horon mako uku da na halarta a Kano, kan yadda ake tsara imel da hanyoyin aika saƙo na manyan ma'aikatu: banki, jami'a, ma'aikatar gwamnati, inda mutum ɗari biyar ko dubu goma ke aiki da adireshi iri ɗaya. Ana fara irin wannan horo ne da takarda da biro. Kwana biyu ba mu taɓa kwamfuta ba, tambayoyi kawai. Mutum nawa ne za su yi amfani da shi? Wasiƙar shekara nawa za a ajiye? In ya tsaya, awa nawa ofis zai iya jira kafin asara ta fara? In aka rasa wasiƙun yau gaba ɗaya, za a iya haƙuri?

Bari na ba ku ɗanɗanon lissafin. A ce ma'aikata 500 ne, kowa an ba shi akwati mai giga 5. Giga 2,500 ke nan. Amma ba a ajiye kwafi ɗaya, in uku za ka yi ka koma 7,500, ba a ma sa sabbin ma'aikatan baɗi ba. Sannan in ɗan kwangila ya ce maka tsarinsa zai yi aiki kashi 99 cikin ɗari, kada ka yi saurin tafi. Kashi ɗayan da ya rage kwana uku da rabi ne da 'yan awanni a shekara. In 99.9 ya ce, kusan awa tara ke nan. Duk tara ɗaya da aka ƙara, kuɗi ne ake ƙarawa, kuma aikin mai tsarawa ne ya faɗa wa oga gaskiya kan tara nawa aljihunsa zai ɗauka.

Yanzu yaya wasiƙa take tafiya? Tsarin tsoho ne. Tun 1971 wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya zaɓi alamar @ ɗin nan, kuma ƙa'idar da sabobi ke miƙa wa juna wasiƙa da ita, SMTP, an rubuta ta tun 1982. Saba kwamfuta ce da ba ta barci, aikinta karɓa da ajiyewa da aikawa. In ka danna aika, sabarka sai ta duba abin da ke bayan @, wato domen, ta tambayi babban kundin adireshin intanet da ake kira DNS: wasiƙun wannan gidan, wa ke karɓa? Amsar tana cikin wani layi da ake ce wa MX. In ta je ta tarar ƙofa a rufe, ba ta zubar da wasiƙar, riƙewa take ta yi ta komawa. Postfix, ɗaya daga manhajojin da ke wannan aiki, kwana biyar take ba wa wasiƙa kafin ta haƙura ta mayar wa mai ita.

Kun ga ke nan domen shi ne filin, saba gini ce kawai a kai. Gini ana rushewa a sake wani. A Najeriya hukumar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, akwai .com.ng na 'yan kasuwa, .org.ng na ƙungiyoyi, .edu.ng na manyan makarantu, .gov.ng na gwamnati. Sabuntawa ake yi duk shekara. Babbar ɓarnar da ake yi a nan ita ce yaron da aka ba kwangilar shafin intanet ya yi rajistar domen da sunansa da imel ɗinsa. Ranar da kuka ɓata, fili da gini duk nasa ne.

Na ga irin wannan da idona. Lokacin ambaliyar 2022 na yi aikin sa-kai da wata ƙungiya, ba sai na kama suna ba. Jerin sunayen magidantan da ruwa ya ci gidajensu, da duk wasiƙun da aka yi da masu ba da tallafi, suna cikin Gmail ɗin da tsohon sakatare ya buɗe da layinsa. Ya bar ƙungiyar ba da daɗi ba, layin kuma ya daina amfani da shi. Masu tallafi suna ta turo takarda a cike a mayar, ba mai gani. Kafin a farga a buɗe sabon adireshi a gamsar da su cewa mu ne dai ba 'yan damfara ba, an rufe karɓa. Mutanen da ke kwana a azuzuwan firamare ba su san me ake kira faswad ba, amma ita ta hana su buhun shinkafa.

Sashen horon da ya fi shiga raina shi ne na ranar da abu zai lalace, don a nan ne na ji kamar da mu 'yan bakin kogi ake. A Microsoft Exchange, manhajar da manyan ma'aikatu da yawa ke amfani da ita, akwai tsarin da ake kira DAG, wanda ya zo tun fitowar 2010. Sabobi ne ake haɗawa, har goma sha shida, kowane rumbun wasiƙu a yi masa kwafi a fiye da ɗaya. In ɗaya ta faɗi, wata ta ɗauka, ma'aikaci ma bai sani ba. To amma ina za ka ajiye ta biyun? In a ɗaki ɗaya suke, wuta ɗaya ce za ta ɗauke musu, kuma kun san halin wutarmu. In ka ce ɗaya a Haɗeja ɗaya a Auyo, ai kogi ɗaya ne. Ruwan da ya taso daga wajen Tiga da Challawa, in ya yi ƙarfi, Ringim da Miga da Auyo da Haɗeja har Guri duk layi ɗaya yake bi. Duk wanda ya ɗauki buhun ƙasa zuwa jinga a 2020 ko 2022 ba sai an zana masa wannan a allo ba. Kwafi na biyu sai tudu, sai wani gari mai wata wutar da wani layin intanet: Dutse, Kano, Abuja.

Akwai kuma wata matsala mai ban dariya. A ce layin da ke tsakanin sabar Haɗeja da ta Kano ne ya katse, alhali dukkansu lafiyarsu ƙalau. Kowacce sai ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta naɗa kanta. Sarki biyu a gari ɗaya, kowa na karɓar wasiƙa, ranar da layi ya dawo ba a san littafin wa za a bi ba. Maganinsa shi ne ƙuri'a. Ana ajiye wata ƙaramar kwamfuta ta uku a matsayin shaida, ɓangaren da ke da rinjaye shi ke ci gaba, ɗayan ya kama bakinsa. Wallahi da aka zo nan sai da na tuna rikicin shugabancin wasu ƙungiyoyinmu na matasa.

Kwafi kuma daban, ajiyar ko-ta-kwana daban. In wani ya goge wasiƙa da gangan, gogewar ma kwafe ta ake yi zuwa sauran sabobin nan take. Don haka ake buƙatar ajiyar jiya da ta makon jiya a wani wuri. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, fata ce kawai.

Sai batun tsaro, inda sunan ƙasarmu ya sha jifa. SMTP an gina ta lokacin da masu intanet 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna, shi ya sa kowa zai iya rubuta sunan kowa a wurin mai aikawa. Daga baya aka ƙaro abubuwa uku, ku riƙe sunayensu don a intabiyu ana tambaya. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika da sunanka ne. DKIM hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa, in an taɓa ta a hanya ya nuna. DMARC kuma umarninka ne ga masu karɓa: wadda ta zo da sunana ba ta ci waɗancan jarrabawar ba, a wuce da ita, a jefa ta kwandon shara, ko a kore ta. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta duka ukun a kan masu aika wasiƙa da yawa, a wajen Gmail kusan 5,000 a rana.

Duk da haka ƙofar da aka fi shiga ita ce mutum. Kun tuna Obinwanne Okeke, Invictus Obi, wanda mujallar Forbes ta taɓa sa shi cikin matasan da ke tashe a Afirka? A 2018 aka tura wa babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac wasiƙar bogi, ya shigar da faswad ɗinsa a shafin ƙarya. Daga cikin akwatinsa na gaske aka riƙa ba da umarnin biyan kuɗi, kusan dala miliyan 11 suka tafi. A 2021 kotun Amurka ta ɗaure Okeke shekara 10. Akwatin a hannun Microsoft yake, ba a fasa sabar kowa ba, makulli aka karɓa a hannun mai shi. Shi ya sa mai tsara imel na ƙwarai ba ya barin faswad ita kaɗai, sai da tabbaci na biyu ta waya ko wata 'yar na'ura, musamman ga oga da akanta, waɗanda su ne suka fi ƙin yarda.

To ga ra'ayina, kuma na san wasu abokan karatuna ba za su so shi ba. Yawancin ofisoshin Haɗeja bai kamata su ajiye sabar imel a ɗakinsu ba. A Maris 2021 an gano wasu ramuka a Exchange, aka kutsa wa dubban ma'aikatu a duniya da ke riƙe da sabarsu da kansu kafin su yi faci, waɗanda ke haya a wajen Microsoft kuma abin bai taɓa su ba. Waɗancan fa masu injiniyoyi ne da wuta awa ashirin da huɗu. Makarantar da ke da malami arba'in da sola ɗaya, ta sayi domen da sunanta, ta yi hayar akwatuna a wajen Microsoft 365 ko Google Workspace ko Zoho, makullin shugabanci ya kasance a hannun mutum biyu aƙalla, a rubuta yadda ake rufe akwatin wanda ya tafi. Ya wadatar.

Gwamnati da jami'a da banki kuma nasu daban ne. Haya tana nufin biyan dala, tana kuma nufin wasiƙunka na iya zama a wata ƙasa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kun ga yadda bankuna suka rikice. Ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Gwamnatin tarayya tana da Galaxy Backbone tun 2006 don irin wannan, kuma a farkon 2023 an buɗe babbar cibiyar ajiyar bayananta a Kano. Wani sai ya haɗa biyun, rabi a gida rabi a haya. Sanin wanne ya dace da wa, shi ne ainihin abin da ake biyan mai tsarawa a kai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin gwamna Saminu Turaki, farkon shekarun 2000, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure. Kashifu Inuwa Abdullahi da aka naɗa shugaban NITDA a 2019 ɗan Haɗeja ne, kuma da aikin haɗa netwok a Galaxy Backbone ya taso kafin ya je Babban Banki. Aikin bayan fage ne, wanda ba a ɗaukar hotonsa. Amma yau in aka ce horon fasaha, kowa zanen fosta da gyaran bidiyo. Ba laifi ba ne, sai dai layin ya cika, wannan kuwa ko a Kano mu 'yan kaɗan ne a aji, mata biyu kacal. 'Yan'uwana mata, aikin nan ba ɗaukar kaya ba ne, natsuwa yake so da rubuta abin da aka yi.

Gargaɗi ɗaya ga mai shirin biyan kuɗin kwas. Microsoft ta daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba 2025. In cibiya ta ce za ta koya maka su, ka tambaye ta me za ta koya maka bayan su. Tunanin tsarawa yana nan daram, amma kada a sayar maka da tsohon littafi da kuɗin sabo.

In kuma ba ka da kuɗin kwas, ko kana Binyaminu Usman ko Kafin Hausa kana jiran hutu, laftof mai giga 8 ta isa farawa. Ka sa VirtualBox, ka ɗora Ubuntu guda biyu a ciki, ka sa Postfix da Dovecot, duk kyauta ne. Ka sa ɗaya ta aika wa ɗaya wasiƙa, sannan ka kashe mai karɓa ka zauna ka kalli yadda wasiƙar ke jira a layi. Kada ka yi wahalar aika wa Gmail daga layin gida, yawanci an toshe ƙofar, ko ta wuce ma kwandon shara za ta faɗa.

Aikin gida kafin mako mai zuwa: ka buɗe Gmail a kwamfuta, ka zaɓi wata wasiƙa daga bankinka, ka danna ɗigo ukun nan ka shiga "Show original". Za ka ga SPF da DKIM da DMARC a jere, da sakamakon kowanne. Ka sake yin haka da wasiƙar makarantarku ko ofishinku. Abin da ka gani ka rubuto mana a ƙasa, amma ka rufe adireshin mutane kafin ka ɗora hoto.

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.