Sansanin da wuyar hawa ta hana a rushe

Yau Japan muka nufa, garin Takahashi, inda sansanin Bicchu Matsuyama ke zaune bisa tsauni, mita 430 sama da teku. Tun 1240 aka fara gini a tsaunin, amma hasumiyar yanzu ta 1683 ce. Katako ce, hawa biyu kacal, an yaɓe ta da fari.

A 1873 gwamnati ta ce a kawar da irin waɗannan sansanoni. To wa zai hau can ya rushe? Sai aka bar shi yana lalacewa. Wajen 1940 mutanen gari suka gyara, har ɗalibai na hauro da tayil ɗin rufi. Cikin hasumiyoyi 12 na asali da suka rage, ita kaɗai ce a kan tsauni.