Daga Waya Zuwa Talabijin: Ƙananan Na'urorin Haɗi da Gidan da Aka Ƙera Su Dominsa



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne, ana iya rufe shi a tafin hannu. Ina nufin 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin HDMI na bayan talabijin domin abin da ke cikin waya ya fito a babban allo. Wani ya ce Chromecast, wani AnyCast, wani Fire Stick, mai shago kuwa sau da yawa kuɗin goro yake yi musu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne iri biyu ne su, kowane da hanyar aikinsa, kuma wanda ya fi suna da inganci a cikinsu an ƙera shi ne domin wani gida da bai yi kama da yawancin gidajenmu ba.

Kamfanin Google ya fitar da Chromecast a watan Yulin 2013 a kan dala 35. Ba ta da rimot, wayar mutum ce rimot ɗinta. A ƙarshen 2014 Amazon ya biyo baya da Fire TV Stick a kan dala 39, ita da rimot ɗinta, Roku ma yana da tasa. A 2020 Google ya sauya shawara ya haɗa wa tasa rimot, sannan a watan Agustan 2024 ya sanar da daina ƙera Chromecast, bayan ya ce ya sayar da fiye da miliyan 100. Abin da ya maye gurbinta akwati ne da ake ajiyewa a gaban talabijin, kuɗinsa kusan dala 100. Wannan shi ne tarihin a taƙaice, ba kuma shi ya tara mu ba.

Yadda kowanne yake aiki

Idan mutum ya buɗe YouTube a wayarsa ya danna alamar turawa zuwa Chromecast, fim ɗin ba daga wayar yake fita ba. Wayar adireshi kawai take bayarwa. Chromecast ɗan aike ne: an faɗa masa gidan da zai je, shi zai tafi intanet da ƙafarsa ya ɗauko saƙon ya miƙa wa talabijin. Shi ya sa mai wayar zai iya amsa kira, ya shiga WhatsApp, ya ma kashe allon wayar, fim bai tsaya ba. Batirin waya ba ya wahala, hoto kuma yana fita tas. Sharaɗin guda ne, wato dole na'urar ta samu waifai nata mai intanet.

Iri na biyu shi ne wanda ke bin tsarin Miracast, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2012. Mafi yawan na'urori masu araha da ake gani a kasuwannin waya irin Farm Centre da Titin Beirut a Kano, masu suna AnyCast da makamantansa, nan suka faɗo. Su ba sa ɗauko komai daga intanet. Waya da na'ura suna ƙulla waifai tsakaninsu kai tsaye, wayar ta riƙa ɗaukar hoton allonta tana matse shi tana aikawa, duk abin da ya bayyana a waya ya bayyana a talabijin. Ba a buƙatar data ko kaɗan idan fim ɗin yana cikin memori. Google ya cire Miracast daga ainihin Android tun fitowar Android 6 a 2015, amma kamfanoni da dama sun bar shi a wayoyinsu. Samsung yana kiransa Smart View. Wayoyin iPhone kuwa nasu daban ne, AirPlay, wanda na'urori masu arahar suke kwaikwayo, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi.

Gidan da aka yi wa Chromecast

Wanda ya tsara Chromecast yana hango gida mai intanet na dindindin da ake biya wata-wata ba a ƙirga abin da aka sha, ga wuta ba ta ɗaukewa. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, intanet na yawancin gidaje yana cikin aljihun maigida ko uwargida, idan sun fita ya fita tare da su. Sai dai a kunna hotsifot. Nan ma akwai ƙulli, domin a ranar farko akan buƙaci waya biyu, ɗaya ta ba da hotsifot, ɗaya ta yi saitin na'urar.

Bayan an haɗa sai a zo kan kuɗi. Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon awa guda kan ci kusan giga 1 a matsakaicin hoto, har giga 3 a hoto mai kyau na HD, har giga 7 a 4K. A waya mutum kan haƙura da ƙaramin hoto domin allon ƙarami ne, ido ba ya damuwa. Da an tura wa talabijin mai inci 43, manhajar za ta ɗaga ingancin hoton da kanta gwargwadon ƙarfin sabis, ba ta san cewa datar sati aka saya ba. Ga sabunta manhajoji da na'urar ke yi a ɓoye, ga hotunan ƙawa da take saukewa tana nunawa lokacin da ba a kallon komai. Duk wannan data ce. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, wanda ya sa lissafin ya ƙara nauyi.

Wannan ya shafi Kannywood kai tsaye. Kasuwar kaset da faifan CD ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu shirya fim suka koma fina-finai masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, da ake sakawa a YouTube. Kallon da a da iyali ke yi tare a tsakar gida ya koma cikin waya, kowa da tasa. To amma yawancin masu kallo ba kai tsaye suke kallo ba. Suna saukewa da datar dare, ko su kai memori wurin masu turi, ko su karɓa ta Xender daga abokai. Fim ɗin yana zaune cikin waya tun kafin a zo talabijin. A irin wannan hali ɗan aiken nan ba shi da inda za a aike shi. Ana iya lallaɓawa da manhajar VLC a tura masa fim daga memori, amma ko a nan yana son ya ji intanet kafin ya yarda ya yi aiki.

Don haka, a ganina, na'urar da masana a ƙasashen waje ke raina wa hankali ita ce ta dace da yadda muke kallo. Wannan ba yabo ba ne gare ta, domin araha ba ta ado. Hoto yakan yi jinkiri, baki ya motsa kafin murya ta iso. Waya takan yi zafi, caji ya zube, tunda ita ke yin dukkan aikin. A unguwa mai cunkoson waifai haɗin yakan tsinke. Manhajoji masu kare haƙƙin mallaka irin Netflix sukan bar allon baƙi ƙirin, domin na'urar ba ta da shaidar tsaron da suke nema. Mai saye yakan ɗauka an cuce shi da jabu, alhali da gangan aka toshe.

Akwai kuma wata matsala da ba a rubuta ta a jikin kwali. Tunda duk abin da ke allon waya shi ke fita, saƙon da ya shigo ana tsakiyar kallo zai fito ɓaro-ɓaro a gaban yara da baƙi da surukai, da sunan mai aikowa da layin farko na maganarsa. Duk wanda ya san zaman gidan Bahaushe ya san abin da layi guda zai iya haifarwa. Maganin mai sauƙi ne, a kashe sanarwar saƙonni kafin a haɗa, sai dai ban ga alamar masu sayarwa suna faɗa wa kowa ba.

Na wane ne bayan an saya?

A ranar 9 ga Maris 2025, masu Chromecast ƙarni na biyu, wadda aka fitar a 2015, suka wayi gari na'urorinsu sun daina aiki a ko'ina cikin duniya. Babu abin da ya ƙone. Wata takardar shaida ta lantarki da ke tabbatar wa waya cewa na'urar ta gaskiya ce, ita ce wa'adinta na shekara 10 ya cika. Sai da Google ya aiko da gyara bayan wasu kwanaki. Abin lura a nan shi ne babu wani mai gyara a kasuwa, komai ƙwarewarsa, da zai iya buɗe ta ya gyara wannan. Rediyon da iyayenmu suka saya nasu ne har ya mutu. Ita wannan tana aiki ne muddin kamfanin da ke wata nahiya yana kula da ita, kuma kamfanin ya riga ya daina ƙera ta.

A ɗaya ɓangaren kuma haɗarin wani iri ne. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja da ake kira BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin akwatuna da sandunan talabijin masu Android marasa sananniyar alama, wasu tun daga masana'anta. Tana mayar da intanet na mai gida hanyar da masu zamba ke bi ba tare da saninsa ba. Google, a ƙarar da ya shigar wata guda bayan haka, ya ce na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Ya kamata a bambance: na'urar Miracast zalla da ba ta shiga intanet ba ta cikin wannan sahu sosai. Waɗanda ake tsoro su ne masu alƙawarin tashoshi dubu da ƙwallon Turai kyauta. Mai sayen data da giga-giga, hasararsa biyu ce, domin da kuɗinsa ake zambar.

Batun wuta ba zan daɗe a kansa ba. Ramin USB na talabijin da yawa ba ya ba da isasshiyar wuta, shi ya sa na'ura kan mutu ta tashi da kanta ana cikin kallo. A ba ta kan caja nata. Mai tsohuwar talabijin marar HDMI kuma sai ya ƙara sayen wani ɗan akwati mai juya hoton zuwa wayoyin nan ja da fari da rawaya, a nan kuwa kyan hoton ya tafi.

Masu shirya fim da ke zaune a nan, wannan ɓangaren naku ne. Babban abokin takarar duk waɗannan na'urori a gidajenmu shi ne filash. Yawancin talabijin na bango suna karanta fim daga USB, babu data, babu waifai, babu jinkiri. Amma kallon filash da na Miracast daga memori ba ya shiga ƙirgen YouTube, ba ya kawo muku ko kwabo na talla. Kallon da ke biyan ku shi ne wanda ya fi tsada ga mai kallo, kuma da ya koma babban allo tsadar ninkuwa take yi. Idan kuna son iyali su kalli fim ɗinku tare ta hanyar da za ku samu, sai ku duba yadda za a bar mutum ya sauke fim cikin manhajarku a kan farashi kaɗan, ya tura wa talabijin ba tare da allon ya yi baƙi ba, sannan ku zauna da kamfanonin sadarwa kan ƙunshin data na musamman domin fina-finan Hausa.