Rufe Shago Kafin Sabon Kaya: Dabara Ce Ko Asara?

Hajiya shugabar ƙungiya, ma'ajiyarmu, magatakarda, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwana mata na Maruda da baƙinmu da sunka taso daga Gwandu da Kalgo, ina yi muku barka da zagayowar wagga rana. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana kan abin da ya shigo kasuwancinmu na waya. Da yawa cikinmu yanzu muna saka kaya a WhatsApp, atamfa, mayafi, humra, turaren wuta, har man gyaɗa da shinkafa. To kwanan nan sai ga wani sabon salo. Mace za ta goge hotunan kayanta kaf, ta rubuta "an rufe, sabon kaya na nan tafe", ta yi shiru kwana biyu ko uku. Wasu cikinmu sun kawo shawarar ƙungiya ma ta yi haka da kayan Sallah. Kafin mu ɗaga hannu, ya kamata mu san inda abin ya samo asali da wanda yake yi wa amfani.

Kamfanin da ya yi suna da wannan shi ne Apple na Amurka, masu wayar iPhone, wadda sunka fara fitarwa a 2007. Galibi a watan Satumba suke nuna sabuwar waya, wajen ƙarfe 6 na yamma agogonmu. Saura 'yan awoyi a fara, sai su rufe shagonsu na intanet, wanda ya shiga ba zai ga kaya ba sai rubutun cewa suna nan dawowa. A lokacin ne suke jera sabon kaya da sabon farashi. Amma akwai riba ta biyu. Da an rufe, sai mutane su fara yaɗawa a waya cewa wani abu na tafe, 'yan jarida su ɗauka, a yi musu talla ba su biya ko kwabo ba.

Kada mu ɗauka Turawa ne sunka ƙirƙiro wannan hikima. Nan Argungu, tun 1934 ake bikin kamun kifi. Ruwan Matan Fada ba a barin kowa ya shiga su a cikinsa sai ranar biki. Masunta su yi layi da homa da gora suna jira, sai an ba da alama su auka gaba ɗaya. Da kullum ake su a wurin, wa zai taso daga Legas ya zo kallo? Haka amarya, ana shigar da ita lalle, ido ya daina ganinta, ranar da ta fito kowa na ɗaga wuya. Ɗan Adam dai yana son abin da anka ce masa ya dakata.

To amma ku lura da abu uku da sunka haɗa waɗannan misalai. Na ɗaya, kowa ya san ranar buɗewa. Na biyu, in an buɗe ana samun abin da ba a gani jiya ba. Na uku, mai jira ba shi da wani wurin zuwa, don babu wani kamfani da ke yin iPhone sai Apple, kuma Matan Fada guda ɗaya ce.

Yanzu mu dubi kanmu. Wadda ke sai da man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa ko shinkafa, in ta rufe kwana uku, tukunyar mai saye ba za ta jira ta ba. Za a aiki yaro gidan maƙwabciya, in an ji daɗin mudun can, shi ke nan an koma. Mu yi lissafi, tunda Alhamdu lillahi yanzu mun iya. A ce ribarki Naira 2,000 ce a wuni. Kwana uku kin bar Naira 6,000 a ƙasa, ga zubin mako bai san kin rufe ba, ga kuɗin makarantar ɗiya. Apple na rufewa na awoyi, kuma yana da abin da zai ɗauki asarar. Ke da jarinki rance ne daga asusun ƙungiya, kowace rana tana da lissafinta. Kowa ya yi rawa daidai da gangarsa.

Mun ma taɓa ɗanɗana rufewar dole. Ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, ga kaya ga mai saye amma babu takardar Naira. Babu wadda ta kira wannan talla. Shiru ba tare da bayani ba tsoro yake sa mutane, musamman wadda ta riga ta turo miki kuɗi. Ita ba za ta ce kina shirya sabon kaya ba, cewa za ta yi kin gudu da kuɗinta.

Sannan akwai iyaka da addini ya gindaya. Rufe shago don ki ƙirga kaya ki sa farashi halal ne. Ɓoye abinci ana cikin buƙata don ya yi tsada ki fito da shi, wannan malamai sun karantar da mu haramun ne. Haka nan ki ce "saura turmi biyu" alhali ɗaki cike yake, ko ki sake wa tsohuwar atamfa leda ki kira ta sabon yayi. Wannan algus ne ko da a waya anka yi shi. Kuma garinmu ƙarami ne, in kin yi sau ɗaya, kafin Juma'a labari ya kai Jega.

Don haka ga shawarata ga wannan zama. Kayan masarufi na yau da kullum kada mu rufe su ko na wuni guda. Kayan Sallah kuwa, atamfa da leshi da mayafai da takalman yara, waɗanda za mu saro da kuɗin ƙungiya, za mu iya gwadawa bisa sharuɗɗa biyar.

Na farko, rufewar kada ta wuce dare ɗaya da safiya. Na biyu, a faɗi rana da lokacin buɗewa tun mako guda kafin nan, kuma a cika alkawari ko ana ruwan sama. Na uku, duk wadda ta biya kuɗin kaya a kai mata kayanta kafin a rufe, kuma waya ta kasance a kunne, in an kira a ɗauka. Na huɗu, a daren ne za mu ƙirga kowane turmi, mu rubuta kuɗin sari da na mota da riba a littafi, farashi ya zama ɗaya ga kowa. Na biyar, kuma wannan ya fi damuna, iyayenmu da 'yan uwanmu da ba su da babbar waya, ko ba su kai ga iya karatu ba tukuna, a bi su gida a faɗa musu da baki, a ware musu kasonsu. Su ne sunka fara zubi a ƙungiyar nan tun ba a san WhatsApp ba. Ba daidai ba ne yarinya mai data ta kwashe zaɓi, uwarta ta zo ta tarar da ragowa.

Bayan Sallah ma'ajiya ta karanto mana lissafi, mu kwatanta da na bara. In an samu ƙari mu ci gaba, in ba a samu ba mu bar wa Apple kayansu.

Masu ajin yaƙi da jahilci, daren ƙirga kaya ku zo da biro, aikin rubutun naku ne. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya raba mu da haram, Ya ƙara haɗa kanmu.